Me ya sa lura da numfashi ke ƙara fargaba?

Ka ce da zarar ka rufe ido kana bin numfashinka da hankali don samun natsuwa, sai ƙirji ya ɗaure, zuciya ta hau bugawa. Hakan yakan faru ga wanda ya taɓa shiga firgici mai tsanani, domin a ƙirji da maƙogwaro aka fi jin tsoro, kai kuma can ka kai hankalinka kai tsaye.

Bar idonka a buɗe. Fara da tafin ƙafa, ka ji yadda ya taɓa ƙasa, na minti ɗaya. Sannan ka kai hankalinka kan ƙirjin na daƙiƙa 10 kacal, ka ambaci abin da ka ji, nauyi ne ko zafi, ka koma ƙafa. Sau uku ya isa. Dagewa a kan ƙirjin sai abin ya wuce tana iya ƙara fargabar. In jiri ya zo, ko ka ji kamar ba ka cikin jikinka, dakata, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa.