Tambaya da amsa: Sauya bututun birkin tsohuwar akori-kura da na jan ƙarfe mai nikel

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 404 akori-kura wadda na gada daga mahaifina a nan Daura, kuma ina son in tayar da ita bayan ta daɗe a ajiye. Bututun birkinta ya yi tsatsa, wani wurin har yana tsattsafo. Bakanikena ya ce mu sayi bututun jan ƙarfe a wurin masu gyaran firiji mu shimfiɗa, wani abokina kuma ya ce akwai wanda aka gauraya da nikel, shi ya fi dacewa. Mene ne bambancinsu, kuma yaya ake aikin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Abokinka ne ke da gaskiya, kuma tun da farko ina roƙonka kada ka bari bututun firiji ya shiga ƙarƙashin motar nan. Zallar jan ƙarfe yana da wani hali: duk lokacin da aka lanƙwasa shi ko ya sha girgiza, sai ya ƙara tauri, taurin kuma ya kai shi ga tsagewa, galibi a daidai gindin noti inda ido ba ya kaiwa. A firiji bututun zaune yake lafiya, ba ya bin gargada. A akori-kura kuwa, wadda za ta ɗauko buhuna daga kasuwar Mai'aduwa ta bi hanyar da ba kwalta, girgizar ba ta yankewa, ga shi kuma matsin man birki yakan haura bar 70 (bar ma'aunin matsi ne) idan an taka da ƙarfi, a birkin gaggawa ma ya wuce 100. Ƙari a kan haka, motocin wancan zamani da yawa layin birki ɗaya gare su, wato idan wuri ɗaya ya fashe ƙafafu huɗun ne suka tafi gaba ɗaya. Ka leƙa kwalbar man da ke kan masta, wato famfon da ke tura man birki idan an taka feda: idan ba a raba ta gida biyu ba, ka ɗauka cewa taka ma haka take.

Bututun da abokinka yake nufi gami ne na kusan kashi 90 cikin 100 jan ƙarfe da kashi 10 nikel, da ɗan baƙin ƙarfe da manganis kaɗan, kuma a shaguna za ka ji ana kiransa Kunifer ko Cunifer. Asalinsa a jiragen ruwa aka san shi, domin ruwan gishiri ba ya cin sa, daga baya kamfanin Volvo na Suwidin ya fara sa shi a birkin motocinsa a 1976, saboda gishirin da ake watsawa a titunansu lokacin ƙanƙara yana cinye bututun ƙarfe. Mu a Katsina da Daura ba mu da wannan matsala, don haka ba zan ce maka bututun ƙarfe na asali ba ya yi ba. Shi ne ya riƙe motarka shekara arba'in ko fiye. Tsatsar da muke gani a nan tana zuwa ne daga taɓon damina da ke maƙalewa ƙarƙashin maƙalai, da takin zamani ko gishiri ko kanwa da ke zubowa ta ɓulin bodi, sai kuma ruwan da tsohon man birki ya tsotsa yana cin bututun daga ciki. A ganina babbar fa'idar mai nikel a wurinmu ita ce laushinsa: ana lanƙwasa shi cikin sauƙi, bakinsa yana buɗewa ba tare da ya tsage ba, kuma yana zama daram a mazauninsa, abin da bututun ƙarfe yake ba wa ƙananan kayan aiki wahala a kai.

Wurin saye ne ake yawan cutuwa. Girman da ake buƙata a mafi yawan motoci irin wannan shi ne milimita 4.75, wanda 'yan kasuwa ke kira uku bisa sha shida na inci, kuma yakan zo a naɗe, tsawon ƙafa 25, wato mita 7.6. Ka auna tsofaffin bututunka da igiya kafin ka tafi, don ka san ko naɗi ɗaya zai isa. Idan ba a samu a Katsina ba, a nema a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu, domin akwai bututun ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, shi kuwa maganaɗisu zai kama shi caraf. Zallar jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu, don haka shi da ido ake gane shi: ja ne wur, alhali mai nikel ya fi haske, launinsa tsakanin ja da fari, kuma mai kyau yakan zo da rubutu a jikinsa daga farko har ƙarshe.

Yanzu ga inda aikin yake tsayuwa ko ya faɗi, wato bakin bututu. Noti ba shi ne ke hana yoyo ba. Aikinsa kawai ya danna bakin bututun a kan mazauninsa, ƙarfe a kan ƙarfe. Saboda haka naɗa farin tef na masu famfo a zaren noti ba shi da wani amfani, sai ma haɗarin gutsurensa ya shiga layi. Baki iri biyu ne ake yi wa birki. Akwai mai ninki biyu, wanda ake buɗewa kamar mazurari sannan a naɗe leɓen ya koma ciki, shi ne ya yawaita a motocin Amurka da na Japan. Akwai kuma mai ƙullutu, wanda ƙarshensa ke kumbura kamar kan ƙusa, shi ne ya yawaita a motocin Turai. Kada a yi ƙiyasi daga ƙasar da mota ta fito, domin mota mai shekarun taka ta bi ta hannun bakanikai da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar mastan ko tukunyar wata ƙafa ba ta asali ba ce. A kwance kowane bututu, a dubi bakinsa, a haska ramin da ya fito da tocila. Idan ƙasan ramin ya tsiro kamar ɗan tudu, baki mai ninki biyu yake so. Idan ya lotsa kamar ƙoƙo, mai ƙullutu yake so. Bututu ɗaya ma yana iya kasancewa da baki daban a kowane ƙarshe. Haka zaren noti: akwai na milimita 10 mai taku 1, akwai na inci, uku bisa takwas mai zare 24, kuma sun yi kama ƙwarai har ɗaya yakan fara shiga ramin ɗaya, ya yi zagaye biyu ko uku kafin ya cije, ko kuma ya shige sakwa-sakwa ya zame ranar da aka taka da ƙarfi.

Na taɓa karɓar wata akori-kura a garejinmu da ke Katsina wadda mai ita ya ce kullum sai ya ƙara mai. Da muka kwance bututun ƙafar baya, sai muka tarar an buɗe bakinsa sau ɗaya kawai, irin yadda ake yi wa bututun gas, leɓen ya yi siriri kamar takarda, kuma da na goga shi da farce na ji tsaga guda ta tashi daga leɓen ta shige ƙarƙashin noti. An ɗaure notin har kafaɗunsa sun murje, ana neman tsayar da yoyon da ɗauri ba ya maganinsa. Baki mai ninki ɗaya ba na birki ba ne, haka ma mahaɗin nan mai ɗan zobe da ake matsewa, haka kuma walda ko dalma.

Yadda ake yin baki mai kyau kuwa, a yanke bututun da abin yanka mai faifai, a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, domin zarto yana barin baki a karkace kuma yana zuba gari a ciki. A kankare ƙayar da ta rage a ciki, a ɗan goge gefen waje da magagari, a hure. A zura noti tukuna, zarensa yana kallon ƙarshen bututu. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya taɓa yin baki mai kyau sannan ya ga notin a ƙasa yana kallonsa. A damƙe bututun a abin buɗa baki, a bar tsawon da ya leƙo daidai da kafaɗar ɗan maɓallin da ya zo da kayan, a ɗiga masa man birki kaɗan, ba baƙin mai ko giris ba, domin waɗannan suna kumbura robobin birki. Matsi na farko yana ba da ƙullutu, na biyu da tsinin mazurari yana naɗe shi ciki idan mai ninki biyu ake so. Tun da bututun yana da laushi, a tsaya da zarar hannu ya ji ya cije. Ina ba da shawara bakanikenka ya ɓata guntaye biyar ko shida yana gwaji kafin ya taɓa na gaske.

Wajen shimfiɗawa, tsohon bututun shi ne ma'auni, saboda haka a ciro shi ba tare da an miƙar da shi ba, a ajiye shi a ƙasa, a lanƙwasa sabon a gefensa. Lanƙwasa mai faɗi hannu yana yi, matsattsiya kuwa a yi ta da abin lanƙwasa ko a jikin wani abu mai zagaye, kuma duk inda ya karye ya tsuke a jefar da shi, kada a miƙe. A bi hanyar da kamfani ya bi, a cikin shasi, nesa da salansa da sifirin da duk abin da ke motsi. Saboda laushinsa yana son maƙalai fiye da na ƙarfe, kamar ɗaya a kowane santimita 30, masu roba a ciki, domin bututun da aka bari yana lilo ko yana gugar shasi zai huje ko da na wane irin ƙarfe ne. Kusa da masta a bar masa ɗan lanƙwasa mai sassauci don ya sha motsin da ke tsakanin bodi da shasi. Tsakanin shasi da ƙafafu kuwa tiyo na roba ne, kuma tun da an riga an buɗe layin, a sauya su duka, domin tsohon tiyo yakan kumbura ta ciki ya riƙe birki alhali bayansa lafiya ƙalau.

A fara ɗaura kowane noti da yatsu har ya yi zagaye huɗu ko biyar ba tare da ya cije ba, sannan a sa sifanar bututu, mai ɗan tsagi wadda ke rungumar noti, a ƙarasa da matsakaicin ƙarfi. A zuba sabon mai daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, DOT 3 ko DOT 4. Na farkon yana jure zafin digiri 205 a ma'aunin Celsius kafin ya tafasa yana sabo, na biyun 230, amma idan sun sha ruwa sai su sauko zuwa 140 da 155, shi ya sa ake sauya man duk shekara biyu. Kada a gauraya su da DOT 5, wanda na silikon ne, kuma a kiyaye fenti, domin man birki yana cin sa. A fitar da iska daga ƙafar da ta fi nisa da masta, a ƙare da mafi kusa, ana lura kada kwalbar ta ƙafe.

Bayan an gama, mutum ɗaya ya taka birkin da iya ƙarfinsa ya riƙe na minti ɗaya, wani kuma ya shiga ƙarƙashi da farar takarda yana goga kowane mahaɗi. Idan fedar ta nutse a hankali ko takardar ta jiƙe, a sassauta notin a sake ɗaurewa sau ɗaya. Idan bai daina ba, a yanke bakin a yi sabo. Gwajin farko a yi shi a fili, ba kaya, a hankali, bayan an tabbatar birkin hannu yana kamawa, sannan a sake duba mahaɗan bayan mako guda kafin a ɗora mata lodi a hau hanyar Katsina.