Jirgina na yoyo, an ce in mulke shi da kwalta in rufe da faiba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a cikin garin Sakkwato, fatsa ce abin da nake hutawa da shi. Bara na sayi ƙaramin kwale-kwale na falanki, tsawonsa kamar mita 5, a hannun wani masunci a Goronyo. Ranar Asabar nakan shiga dam da shi, wani lokaci tare da yarona ɗan shekara 12. Tun hunturu yake kife a bakin ruwa. Da na sake saka shi makon jiya, ban yi nisa ba ruwa ya kai min idon sawu. Na kuma ga katakon ƙasa wajen gindinsa ya yi baƙi, yana lotsawa in na taka. Wani mai gyara ya ce ba komai ba ne, zai shafe shi da baƙin mai, ya mulke da kwalta, ya rufe da faiba, wato zaren gilashi da ake liƙawa da gam, har in ɗora masa inji mai doki 15, ya shekara goma yana aiki. Uwar yaron ta ce ba zai ƙara shiga ba. Hankalina bai kwanta ba. In ba shi aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba shi. Maganar uwar yaro kuma ita ce daidai, sai an gama abin da zan faɗa maka.

Abu biyu ka kawo, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Yoyon mai sauƙi ne. Jirgin da ya sha iskar hunturu, sannan ranar Maris da Afrilu ta Sakkwato ta gasa shi, dole falankansa su tsuke, haɗin da ke tsakaninsu ya buɗe. Ka ɗaure shi a ruwa marar zurfi kwana biyu ko uku, ka bar shi ya sha. Katako zai kumbura, yawancin kafofin su rufe da kansu. Wanda ya rage shi ne za ka cusa wa auduga ka bi da kwalta. Kada ka danna audugar da ƙarfi alhali jirgin yana bushe ƙamas, domin in ya kumbura bai sami wurin motsi ba, falanki zai banƙare ko ya tumɓuke ƙusa.

Lotsawar nan ita ce ta tayar min da hankali. Lafiyayyen katako ba ya lotsawa a ƙarƙashin ƙafa. Ruɓa ce, kuma abin da aka ce za a yi maka kitso ne da ƙwarƙwata.

Kusan babu makon da ba na cin karo da wannan fahimta, cewa in an hana ruwa shiga to jirgi ya warke. Mutane na ɗauka ruwa ne da kansa ke cin katako. Abin da ke cinsa wata irin fumfuna ce mai rai, wadda ke shiga cikin jijiyar itace ta cinye ƙarfinsa. Tana bukatar danshi, da iska, da ɗumi. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ta iya rayuwa a cikinsa. Wanda ya nutse gaba ɗaya, iska ba ta kai gare shi, shi ma ta bar shi. Jirgin Dufuna da aka gano a Jihar Yobe a 1987, wanda aka sassaƙa daga itace dangin maɗaci, ya yi kimanin shekara 8,000 a binne cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, aka kuma fito da shi da siffarsa. Wurin da fumfunar ke so shi ne tsaka-tsaki: katako mai laima, mai ɗumi, wanda ba ya samun hanyar bushewa. Ruwan saman da ke kwana a gindin jirgi lokacin damina, da lakar da ke maƙalewa a bayan haƙarƙarinsa, wato katakan da ke riƙe falankai ta ciki, su ne gidanta.

To ka duba abin da mai gyaran nan zai yi. Zai ɗauki katakon da fumfuna ta riga ta shiga, mai ɗauke da ruwa a cikinsa, ya rufe shi ruf ta waje. Ta ciki kuwa ruwan sama da na ƙafarka da na kifi za su ci gaba da sauka. Ruwa yana shiga, ba ya fita, rana tana dafawa. Ruɓar da za ta ɗauki shekaru sai ta yi sauri, kai kuma ba ka gani, don abin da idonka ke gani baƙi ne sumul mai sheƙi. Yoyo, duk da takaicinsa, gargaɗi ne. Shi ne ya sa ka rubuto min. In an toshe bakin gargaɗin, ranar da katakon zai ba da kai ba ɗigo zai yi ba, ɓallewa zai yi lokaci guda, kuma ba a bakin gaɓa ba, domin a tsakiyar ruwa ne igiya ke dukan jirgi.

An taɓa kawo min wani irinsa, mai shi yana alfahari da kaurin kwaltarsa, ya kusa kaurin yatsa. Na ɗauki sukundireba na dafa a gindin haƙarƙari na biyu daga baya. Ban buga da guduma ba, hannu kawai na sa. Ta shige har mariƙi. Da na ɓanɓare kwaltar, abin da ya biyo ta kamar burodin da aka tsoma a shayi, ga wani warin rumbun da ruwa ya shiga. Ƙusoshin na zare su da yatsa, tsatsa ta mayar da su kamar tsinken tsintsiya. Kwana huɗu kafin nan mutumin ya haye da matarsa da buhu biyu na shinkafa a cikinsa. Ya zauna a ƙasa ya yi shiru, ni ma ban iya ce masa komai ba.

Ko ta fuskar sana'a ma, maganar mai gyaran ba ta tsaya ba. Gam ɗin faiba ba ya kama wurin da ke da maiƙo. Wanda ya ce zai shafa baƙin mai da kwalta sannan ya ɗora faiba, ko bai san aikin ba, ko ya san ba za ka dawo da wuri ba. Gam ɗin da ya fi yawa a kasuwa, na foliyesta, ko a kan busasshen katako mai tsabta riƙonsa ba shi da ƙarfi. Katako yana kumbura yana tsukewa, faiba ba ta yi, sai ta saki, ruwa ya kwanta a tsakani. Efoksi ya fi shi kamawa nesa ba kusa ba, amma shi ma sharaɗinsa lafiyayyen katako busasshe. Baƙin mai kuwa ba ya mayar wa ruɓaɓɓen itace ƙarfinsa, yana hana fenti zama, kuma yana tsiyaya cikin ruwan da mutane ke sha, wanda tarwaɗa da gargazar da kake kamawa ke rayuwa a ciki. Ban ƙi kwalta ba, ni ma ina aiki da ita kullum. Wurinta shi ne haɗin lafiyayyun falankai. Abin da ke ɓata min rai shi ne masu gyaran gangar Auzinawa da suka mayar da ita mayafi, suna karɓar kuɗin talaka a kan abin da zai iya kashe shi. In abin ya faru kuma, sai ka ji ana cewa ai ruwan wurin ne ke cin mutum duk shekara. Ajali gaskiya ne, babu Musulmin da ke musunsa. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Ɗan da ka saka a jirgi amana ne a wuyanka, kuma ba kwalta za a tambaya ba.

Ga abin da za ka yi. Ka fito da jirgin ka ɗora shi a kan gungume a inuwa, ka kankare tsohuwar kwalta da fenti daga gindi har zuwa inda katako ya fito da launinsa. Ka bi shi da ƙaramar guduma. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe sai ka ji dum, kamar ka buga kabewa. Duk inda ka ji haka ka soka sukundireba. Kada ka tsaya a falanki, ka duba ƙasan haƙarƙari da kewayen kowace ƙusa, musamman inda ka ga baƙin zobe. Abin da ya ruɓe a yanke shi, a ƙara da kamar taƙi ɗaya cikin mai kyau, domin fumfunar tana gaba da inda ido ke gani. Sabon falankin ya zama maɗaci ko iroko wanda ya bushe. In kafinta ya kawo maka obeche don araha, ka mayar masa, ba ya jure laima. Haɗin sabo da tsoho ya faɗa a kan haƙarƙari, ko a sa masa katakon tallafi ta ciki, kuma a yi amfani da ƙusa mai rufin da ke hana tsatsa, ba ƙusar rufin ɗaki ba. In ka tarar ruɓar ta ci haƙarƙari da dama tare da katakon tsakiya, ka haƙura da jirgin. Na san ba daɗin ji, amma a nan kuɗin gyara ya kama hanyar kuɗin sabo.

Batun inji ka ajiye shi. Mai doki 15 nauyinsa ya doshi kilo 40, duk a rataye a daidai wurin da ka ce yana lotsawa, ga girgiza ga turi. Jirgin da aka ƙera don filafili ba a gina gindinsa don wannan ba. Ko bayan gyara, in har kana son inji, ƙarami ya ishe mai fatsa, kuma sai an ƙara wa gindin kauri da tokara.

In kana da kuɗin da ka ware don ƙawata shi, ga inda za su yi amfani. Mazauni ya zama ƙasa-ƙasa, don duk yadda ka ɗaga shi haka jirgin ke ƙara tangaɗi. Daɓen da za ka shimfiɗa ya zama mai ciruwa, yadda za ka iya wanke laka ka shanya. Ka ɗaure jarkoki marasa komai, rufaffu gam, a ƙarƙashin mazauni: kowace mai lita 25 tana ɗaga abin da ya kusa kilo 25 a ruwa, don haka ko jirgin ya cika zai ba ku abin riƙewa. Ka ɗaura abin kwalfe ruwa da igiya. Sannan rigar kariya biyu, taka da ta yaro daidai jikinsa, a sa su tun a gaɓa. Babu wanda ke Sakkwato da ya manta jirgin da ya kife da mutane sama da 50 a hanyar kasuwar Goronyo a watan Agustan 2025, kuma ruwan nan dai shi kake shiga.

Bayan gyara, ka gwada shi kai kaɗai a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, da buhunan yashi daidai nauyin mutum biyu, ka bar shi awa ɗaya ka ga abin da ya shiga. In za ka ajiye shi kuma, a rumfa, a kife, a ɗage daga ƙasa saboda gara, kada a naɗe shi da leda. Ka rubuto min abin da sukundirebar ta nuna maka a haƙarƙari biyun ƙarshe, daga nan zan gaya maka ko gyara ne ko haƙuri.