Bambancin maye da boka

Ka tambaya ko maye da boka abu ɗaya ne. A'a, ɗan'uwa. Maye (mace mayya, jam'i mayu) shi ne wanda ake cewa yana kama kurwar mutum ya cinye. Wai maitar ƙanƙara ce a cikinsa, ko ya sha ta a nono ko ya saya. Boka kuwa sana'a yake yi, wurinsa ake zuwa neman magani, wani lokacin har sammu.

Yau ana cewa "mayen ƙwallo" ko "mayyar shayi" don nuna tsananin so. Amma don Allah kada ka jefi kowa da kalmar da gaske. Na ga tsohuwar da aka tilasta wa tsallake yaro mai zazzaɓi, tana kuka, jikokinta na kallo.