Hukuncin bai wa gwamnati mabuɗin wayoyin jama'a

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Gwamnatoci na matsa wa kamfanoni su ba su hanyar buɗe wayoyin da aka kulle, wai don kama 'yan ta'adda. Shin Shari'a ta yarda?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Asali dai bin diddigin sirrin mutum haramun ne, saboda faɗin Allah a Suratul Hujurat, aya ta 12: "Wa la tajassasu," wato kada ku bi diddigin sirrin juna. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'awiya cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya bibiyi al'aurar mutane, wato ɓoyayyun aibobinsu, zai ɓata su. Waya kuwa yau a cikinta hirar miji da mata take, da hotunan iyali, da asusun banki.

Sai dai haramcin yana da togaciya. Bukhari da Muslim sun kawo yadda Annabi ya aiki Aliyu da Zubairu da Miƙdadu zuwa Raudatu Khakh, wani wuri tsakanin Makka da Madina, suka tare matar da ke ɗauke da wasiƙar Haɗibu ɗan Abi Balta'a zuwa ga Ƙuraishawa, mai tona musu sirrin shirin Annabi, har ta zaro ta daga kitsonta. Ka lura, ɗan'uwa, ba a ce a caje duk matafiyan Madina ba. Imam Mawardi ma, a littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya, ya halatta bincike idan amintacce ya kawo labarin za a kashe rai.

Don haka waya ayyananniya, ta wanda ake tuhuma da hujja mai ƙarfi, bisa umarnin alƙali, halal ne a buɗe ta, a duba iyakar abin da ya shafi laifin. Lalura gwargwadonta ake auna ta.

Mabuɗin da zai buɗe wayar kowa shi ne ban ga halaccinsa ba. A kan irin wannan fargaba kamfanin Apple ya ƙi buƙatar hukumar bincike ta Amurka, FBI, a 2016, ta ya taimaka a buɗe wayar ɗaya daga maharan, bayan harin San Bernardino a Amurka da ya ci rayuka 14, kuma a ƙarshe hukumar ta buɗe wayar ta hannun wasu. Irin wannan makami ba ya zama a hannu ɗaya: a 2017 manhajar WannaCry, wadda aka gina da kayan kutsen da aka sace daga hukumar leƙen asiri ta Amurka, NSA, ta durƙusar da asibitoci a Ingila. Ƙa'ida ta ce ba a gusar da cuta da cuta irinta, balle wadda ta fi ta.

Shi kuwa jami'in da zai tare ka a hanya ya ce buɗe wayarka ba takardar kotu, wannan tajassusi ne tsantsa, kaki ba ya halatta shi. Wallahu a'alam.