Tambaya da Amsa: An yi mini alkawarin jariri, har na fara biya

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni 'yarki ce daga Aboabo, a nan Kumasi, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Shekarata 11 da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Wata mata da ta ce ita ungozoma ce ta kawo mini zancen wata 'yar kayayo, wato mai dako a kasuwa, mai cikin wata 7 da ba ta iya riƙon abin da za ta haifa. Ban ga yarinyar ba sai a hoto. Na tura sidi 9,000 ta Momo, wato ta waya, na awo da ɗaki da abinci, kuma za a karɓi 12,000 ran haihuwa. Ta ce in fara ɗaura tsumma a ciki, in tafi Accra, in dawo da goyo, takardar haihuwa da sunana. Maigidana bai san adadin kuɗin ba. In ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki ƙara tura ko fesewa ɗaya. Na san zafin gori, na san yadda ake zama a gidan suna ana miƙa wa kowa jariri ana tsallake ki. Amma abin da matar nan ta shirya miki ciniki ne, kuma doka ta san shi da sunan sayar da mutum. Dokar fataucin mutane ta 2005 ta sa ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba. A farkon 2021 hukumar EOCO mai binciken laifukan kuɗi ta kama likitoci da nas-nas da ma wasu jami'an walwala a Accra kan sayar da jarirai, kowane ɗaya wajen sidi 30,000. Ran da asiri ya tonu, jaririn ake fara ɗaukewa daga bayan mai goyo.

Kuɗin da kika tura, ki sa a ranki zai yi wuya su dawo. Ba ki ga yarinyar ba, ba ki da rasit, ba ki san mata nawa aka tura wa hoton nan ba. Ko da cikin gaskiya ne, uwa tana iya jin kukan farko ta ce ta fasa, kuma tana da gaskiyarta. Wace kotu za ki je ki ce kin biya?

Bari in gaya miki nawa. Na taɓa karɓar 'yar wata dangin maigidana tana wata 4, da baki kawai, babu shaida babu takarda. Ni na yi ta tashin dare ina dama madarar gwangwani, ni na kwana uku a kan benci a asibiti lokacin da zazzaɓi ya kama ta. Tana shekara 6 uwarta ta yi aure, ta zo da ƙaninta wata Lahadi bayan la'asar, suka tafi da yarinyar. Na kitsa mata kai da safen nan. Silifas ɗinta ja ya yi wata biyu a bakin ƙofata, na kasa ɗagawa. Ban taɓa lissafa abin da na kashe ba, amma har yau in na ji yarinya ta ce "Mma" a layinmu sai na waiga.

Hanyar da ke tsare ki tana nan. Dokar yara ta 1998, wadda aka gyara a 2016, ta sa maganar a hannun Sashen Walwalar Jama'a, wato Soshiyal, kuma kotu ce kaɗai ke ba da hukuncin. Sai kin kai shekara 25, kin girmi yaron da 21, sai da yardar mijinki. Za su zo gida su ga inda yaron zai kwana, su nemi takardar likita da ta 'yan sanda. Akwai kuɗin lauya da na kotu, akwai jira mai gajiyarwa, amma ana neman iyayen yaron a ji ta bakinsu kafin ki saba da shi.

Sai maganar addini, wadda tsumman nan ya fi ci mini rai a kanta. Suratul Ahzabi ta ce a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Ɗan riƙo ba ya cin gadonku a shari'a, ko da dokar ƙasa ta ɗauke shi ɗa. Ki mallaka masa abu tun kina raye, ko ki yi wasiyya cikin sulusi a rubuce, don kada dangi su tsaya masa ran rabon gado. In namiji ne kuma kina da 'yar uwa mai shayarwa, ta ba shi nono kafin ya cika shekara 2, ya zama muharraminki.

Daren yau ki zaunar da maigidanki, ki nuna masa saƙonnin Momo ɗin duka, kada ki goge ko ɗaya. Ran Litinin ku tafi ofishin Soshiyal tare, ku faɗi zancen 'yar kayayon nan, domin in tana nan da gaske ita ma tana neman mai tsaya mata. Ki sake rubuto mini abin da suka ce.