Tambayoyinku Kan Fasaha: Me Mai Rubuta Manhaja Zai Koya Don Kada Zamani Ya Wuce Shi?

Yawancin saƙonnin da suka shigo a wannan makon daga matasa masu rubuta manhaja suke, kuma kukansu ɗaya ne: kafin su gama koyon wannan, an ce wancan ake yayi. Na zaɓi shida daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na koyi HTML da CSS, na ɗan taɓa JavaScript, na fara Python sai aka ce mini Flutter ke kawo kuɗi. Yanzu kuma ina jin ana zancen Go da Rust. Wallahi kaina ya ɗaure. Wanne zan riƙe?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ka fara tambayar kanka irin aikin da kake son yi, aikin ne zai zaɓa maka yare. Idan shafukan intanet ne, tsaya a kan JavaScript har ya zauna maka, sannan ka ƙara da TypeScript, wanda Microsoft ta fitar a 2012 don ya riƙa kama kurakurai tun kafin a kunna manhaja, daga nan ka shiga React, wani kayan aikin JavaScript na gina fuskar shafi. Idan manhajar waya ce, ga Kotlin, wanda Google ta fifita wajen gina manhajojin Android tun 2019, ga kuma Flutter da ke ba ka damar rubuta abu ɗaya ya yi aiki a Android da iPhone. Idan lissafi da nazarin bayanai ke ranka, Python ne gidanka. Go da Rust yaruka ne masu kyau, amma ba za su gudu ba, za ka same su nan gaba.

Ga abin da nake so ka riƙe. A wani zamani kusan duk bidiyo da wasannin da ke intanet da Flash ake kunna su, har da YouTube. Mutane sun ci abinci da shi shekara da shekaru. A ranar 31 ga Disamba 2020 kamfanin Adobe ya daina kula da shi baki ɗaya. Waɗanda maɓallan Flash kawai suka haddace sun koma farko. Waɗanda suka fahimci yadda ake tsara tunani a rubuta shi a matsayin umarni ga kwamfuta kuwa, cikin 'yan watanni suka koma wani yaren suka ci gaba da sana'arsu. A gefe guda kuma, SQL da ake magana da rumbun bayanai da shi, tun shekarun 1970 aka ƙirƙire shi a IBM, kuma har gobe kusan duk bankin da ka shiga yana aiki da shi. Linux tun 1991 yake. Irin waɗannan tsofaffin su ne ba sa cin amanar wanda ya koye su.

Kuma ka rage kallon darussan bidiyo, ka gina abu ɗaya na gaske. Je wurin mai shago a unguwarku, ka duba littafin da yake rubuta bashi, ka yi masa manhajar da za ta maye gurbinsa. Ka miƙa masa wayar, ka yi shiru kana kallon inda yatsansa zai tsaya yana neman abin dannawa. Ranar za ka koyi abin da wata uku na bidiyo bai koya maka ba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Mu uku muke aiki a wani ƙaramin kamfani a Kano. Idan ɗaya ya gama nasa sai ya dunƙule fayil ɗin ya turo ta WhatsApp. Sau biyu aikina yana ɓacewa saboda wani ya ɗora nasa a kai. An ce mu koyi Git, amma ina ganin kamar ɓata lokaci ne.

Barka kadai 'yar'uwa. Lokacin da kika ɓata wajen sake rubuta aikin da ya ɓace sau biyu ya fi wanda za ki koyi Git a cikinsa. Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tak da duk mai wannan sana'a zai koya bayan yarensa, Git zan zaɓa ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, shi ya rubuta shi a 2005 saboda irin matsalarku, sai dai su ɗaruruwa ne warwatse a duniya. Aikinsa shi ne riƙe tarihin kowane canji: wa ya yi, yaushe, a wane layi, kuma don me. Idan kin gyara wani abu sai ki ce git add, sannan git commit tare da gajeren bayani kamar "na gyara lissafin rangwame", sai git push ya kai shi ma'ajiyar da kuke tarayya a kai, kamar GitHub ko GitLab. Kowannenku ya buɗe nasa reshen, wato layin aikinsa na dabam da ba ya taɓa na sauran, ya yi aikinsa. Idan an zo haɗewa kuma aka tarar ku biyu kun taɓa layi ɗaya, Git ba zai goge na kowa ba, zai tsaya ya nuna muku layukan biyu ku zaɓa. Idan sabon gyara ya lalata manhaja ana gobe za a miƙa wa mai ita, umarni ɗaya ya isa ya mayar da ku inda kuke jiya.

Akwai wata riba da ba a cika faɗa ba. Kafin a haɗe reshen kowa, sai wani daga cikinku ya karanta abin da ya rubuta. Wannan karatun aikin juna makaranta ce ta kyauta, kuma shi ne yadda manyan kamfanoni ke aiki. Ranar da za ki nemi aiki a waje, shafinki na GitHub za su fara buɗewa kafin su dubi takardar shaidarki.

Gargaɗi ɗaya, kuma ina so ki ɗauke shi da muhimmanci. Kada ki taɓa tura kalmar sirri ko mabuɗin sirri na biyan kuɗi zuwa ma'ajiyar da kowa ke gani. Akwai na'urorin masu kutse da ba su da aiki dare da rana sai laluben irin waɗannan mabuɗai. Ki ajiye su a fayil na dabam, ki rubuta sunansa cikin .gitignore, wato jerin fayilolin da Git ba zai tura ba. Idan kuma kin riga kin tura, gogewa ba ta wadatar ba, domin tarihin yana nan. Ki soke mabuɗin nan take ki karɓi sabo.

Tambaya: Yallaɓai, tunda ChatGPT da ire-irensa suna rubuta manhaja cikin daƙiƙa, anya akwai amfanin in ci gaba da wahalar koyo? Daga Kaduna.

Akwai, ɗan'uwa, kuma ina ganin amfanin ya ƙaru. Tun da GitHub Copilot, mai taya mutum rubuta layukan manhaja, ya bayyana a 2021, ChatGPT kuma a ƙarshen 2022, yadda muke aiki ya canza ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ni ma ina amfani da su kullum: su bayyana mini saƙon kuskuren da ban gane ba, su rubuta gwaje-gwaje, su yi aikin maimaici mai gajiyarwa. Mai rubuta manhajar da ya ƙi koyon aiki da su yana cutar kansa.

Amma ga misali. Idan kana haɗa biyan kuɗi ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, a kobo ake tura adadin, ba a naira ba. Kayan naira 5,000 sai ka rubuta 500000. Idan ChatGPT ya rubuta maka 5000 kai kuma ba ka karanta takardun bayanin kamfanin ba, manhajar za ta yi aiki lafiya lau, ba wani jan rubutu da zai fito, amma naira 50 za a riƙa cirewa daga mai saye. Wa mai shagon zai kira? Kai zai kira. ChatGPT da ire-irensa sukan kuma ambaci sunan wani kunshin manhaja da babu shi a duniya, ko su kawo tsohon salon da aka daina, kuma da cikakken ƙarfin gwiwa suke faɗa. Wanda ya san aikin ne kaɗai ke ganewa.

Don haka ƙa'idata ita ce: duk layin da ba zan iya bayyana wa wani abin da yake yi ba, ba na barinsa cikin aikina. Idan kana matakin koyo, ka fara gwadawa da kanka, ka sha wahalar, sannan ka tambaya. Kuma kada ka kwafi bayanan abokan cinikinka, sunayensu da lambobinsu, ka zuba a ciki. Amana ce, sannan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin kare su.

Tambaya: Malam, daga Maraɗi nake. Ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni, kuma Faransanci na yi a makaranta. Zan iya farawa?

Za ka iya, da yardar Allah. Sauke Termux, manhajar da ke ba ka wurin rubuta umarni irin na Linux a wayar Android, daga ma'ajiyar manhajoji ta F-Droid, ka rubuta pkg install python git, ka ga Python da Git sun zauna a wayarka. Idan ka samu ƙaramin allon rubutu mai haɗuwa ta Bluetooth, aikin zai yi maka sauƙi sosai. Bayanan Python na asali da shafin MDN na masu gina shafukan intanet duk suna da fassarar Faransanci. Sai dai ka riƙa koyon karanta Turanci a hankali, domin saƙonnin kuskure da shi suke fitowa. Waya za ta kai ka wani mataki ne kawai, saboda haka ka fara tara kuɗin sayen kwamfuta. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai RAM gigabait 8 da ma'ajiyar SSD ta ishe ka shekaru, kuma ka duba lafiyar batirinta kafin ka biya.

Tambaya: Ina ganin Docker da Kubernetes a kusan duk tallar aiki. Dole ne?

Fara da Linux: shiga sabar, wato kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta, daga nesa ta hanyar SSH, duba fayilolin da ke rubuta abin da ya faru, ba da izini, sake kunna abin da ya tsaya. Sannan Docker, wanda ke dunƙule manhaja da duk abin da take buƙata wuri ɗaya, don kada ta yi aiki a kwamfutarka ta ƙi yi a ta wani. Mako biyu sun isa ka kama hanyarsa. Kubernetes kuwa an yi shi ne don masu juya tarin sabobi, ka bar shi sai aiki ya kai ka can.

Tambaya: Malam, na yi wa wata makaranta manhajar rajistar ɗalibai. Sunaye irin su Ɗanlami suna fitowa da alamar tambaya, kuma idan aka rubuta Sa'adatu sai manhajar ta tsaya cak. Me na yi ba daidai ba?

Na ji daɗin wannan tambaya, domin irin ilmin da babu mai koya mana shi a darussan waje ke nan, su ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Matsala biyu ce kake fama da ita.

Ta farko, tsarin haruffa. Kusan tabbas rumbun bayananka yana kan tsarin haruffan latin1, wanda bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, shi ya sa yake sa alamar tambaya a gurbinsu. Tsofaffin rumbunan MySQL a kansa suke zuwa, sai daga na 8.0 aka mayar da utf8mb4, tsarin da ya san haruffanmu, ya zama na asali. Ka mayar da rumbun da teburansa da kuma hanyar da manhajar ke haɗuwa da shi duk zuwa utf8mb4, shafin ma ka bayyana masa UTF-8 a samansa. Sunayen da suka riga suka koma alamar tambaya ba za su dawo da kansu ba, sai an sake shigar da su. Ka kuma tuna yawancin malaman da za su nemi suna Danlami za su rubuta, ba lanƙwasa. Kwamfuta ba ta san ɗ da d 'yan'uwa ba ne, kai za ka koya mata: ka ajiye kwafin kowane suna marar lanƙwasa a wani gurbi na dabam don bincike. Idan akwai ɗalibai daga Nijar, su ƴ suke rubutawa inda mu ke rubuta 'y, shi ma ka haɗa shi a ciki.

Ta biyu ta fi haɗari. Sa'adatu ta tsayar da manhajarka ne saboda kana ɗaukar abin da aka rubuta kana manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL, sai 'yar alamar da ke tsakiyar sunan ta yanke umarnin biyu. Na taɓa ganin haka a wata makaranta: ranar rajista iyaye sun cika harabar, layi ya tsaya a kan wani yaro mai suna Mu'azu, mai shigar da bayanai yana ta sake dannawa yana zaton matsalar intanet ce. Ƙofar da Mu'azu ya bankaɗa ba da saninsa ba, ita ce ɓarawo zai bi da gangan ya rubuta nasa umarnin a gurbin suna, ya kwashe ko ya goge bayanan ɗaliban gaba ɗaya. Maganinta shi ne ka raba umarni da bayani: ka rubuta umarnin da gurabe a buɗe, ka miƙa sunan dabam, rumbun ya cike da kansa. PDO, kayan aikin haɗuwa da rumbun bayanai a yaren PHP, yana yin haka, haka ma irin waɗannan kayan aiki na Python da na Node.js. Tunda ka buɗe aikin, ka duba kalmomin sirrin malamai ma. Idan kana iya karanta su da idonka a cikin rumbun, ka sauya zuwa bcrypt ko Argon2, hanyoyin cakuɗa kalmar sirri yadda ba mai iya karanta ta, a yau.

Kafin ka mayar wa makarantar, gwada shigar da Sa'adatu, Mu'azu, Ɗanlami, Ƙasimu da 'Yashe ɗaya bayan ɗaya, a kan ƙaramar waya mai araha, da data mai rauni irin wadda za su yi aiki da ita. Idan wani ya ƙi shiga, turo mini ainihin saƙon kuskuren da ya fito mu duba tare.