Direban Wi-Fi ya ɓace bayan sake ɗora Windows

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka sake ɗora Windows a kwamfutarka ta tebur alamar Wi-Fi ta ɓace, ga shi babu intanet ɗin sauko da direban, wato manhajar da ke sa na'urar Wi-Fi ta yi aiki. Jona wayarka da kwamfutar ta igiyar USB, ka kunna USB tethering a saitin wayar, kwamfutar za ta hau intanet da datarka. Sai ka buɗe Device Manager, wurin da Windows ke jera na'urorin kwamfutar, ka nemi na'urar da ke ɗauke da alama mai ruwan ɗorawa, galibi sunanta Network Controller. Danna mata maɓallin dama na mouse, ka shiga Properties, Details, ka zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bin VEN ita ke nuna kamfanin: 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom. Daga shafin intanet na kamfanin, ko na wanda ya ƙera kwamfutar, za ka sauko da direban, ka sake kunna kwamfutar.

Amma fa ka lura da igiyar. Wasu igiyoyin caji masu araha wuta kawai suke kaiwa, ba sa ɗaukar bayanai. Na sha gani, waya tana caji amma wurin tethering ya dushe, ba ya dannuwa. Canja igiya kawai, zai buɗe.